Kanwa a Cikin Ƙaro

Sana'ata ƙaro. Na gaje ta wurin mahaifina, kuma har ƙarfina ya fara ja da baya ban yi wata ba. Da rani makiyaya da mutanen ƙauye suke tsaga jikin dakwara, itaciyar ta zubo da ruwanta ya daskare, su tsinto su kawo mana Daura. Ni aikina in zauna a rumfa in tsince, mai haske gefe guda, mai ɓawo da ƙasa gefe guda, in ɗura a buhu a kai Kano. Masu dafa tawada da masu wankin hula sukan sayi kaɗan-kaɗan. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Na faɗi haka ne don a san iyakata, domin labarin nan ya shafi wani ilimi da ban sani ba sai gwargwadon abin da 'yata ta fahimtar da ni.

Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, ciwon sukari ya kama ta tun 'yarmu ta fari tana sakandare. Allura sau biyu kullum, kafin karin kumallo da kafin tuwon dare. Maganin ba ya son zafi, mu kuma ba mu da firij, sai muka riƙa sa kwalbar cikin gwangwani muna binnewa a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Yarinyar ce ta koyi yin allurar a asibiti, ita take yi mata duk lokacin da take gida.

Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka Uwata nake kiranta. Ita kuwa uwar tata ba ta taɓa kama sunanta ba. Ba ta yaba mata a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarta kai tsaye, kamar yadda matan zamaninta suke kunyar ɗan fari. In lokacin allura ya yi sai ta juya fuska ga bango ta miƙa hannu. In an gama ta ce hannun waccan nauyi gare shi. Amma in yarinyar ta koma makaranta na karɓi aikin, sai ta ce ashe na waccan ma da sauƙi.

Yarinyar ta karanta haɗa magunguna a jami'a, ta gama, aka riƙe ta ta yi digiri na biyu. A wani hutu ta same ni a zaure ina duba wani samfur. Ta zauna, ta ɗauki dunƙule ɗaya tana kallo a hasken ƙofa, ta ce irin wannan take so in ba ta. Na tambaye ta ko wankin hula za ta fara. Ta yi dariya, sannan ta tuna mini wata tambaya da na taɓa yi mata, cewa me ya hana a riƙa shan maganin uwarta a huta da huda jiki.

"Baba, maganin nan dangin nama ne da ƙwai," ta ce. "In an haɗiye shi, ciki ba ya bambanta shi da tsire. Narkar da shi zai yi tun bai kai inda ake so ba."

Abin da take nema, in ji ta, shi ne ta yi wa maganin riga. Za ta haɗa ƙaro da wani gari da ake samu daga ciyawar teku, ta dama maganin a ciki, ta riƙa ɗigawa cikin wani ruwa, kowane ɗigo ya dunƙule ya zama ƙwaya kamar tsabar dawa. Ƙwayar ta jure tsamin ciki ta wuce, sai ta isa hanji ta kumbura ta saki maganin sannu a hankali. Rigar kuma ta narke, jiki ya rabu da ita ba ta bar komai ba. Ta ce mutane da yawa a duniya suna wannan nema, kowa da irin rigar da yake gwadawa. Ita tana so ta ga ko ƙaron ƙasarmu zai yi.

Shekarun nan ne da aka dawo da shari'a, kowa yana tambayar asalin abin da yake ci da sha. Ni kaina an sa ni cikin dattawan da ke zagaya kasuwa suna duba mudu da algus. An yi ta magana a kan ɓawon kafso, wai akwai wanda ake yi da ƙashin alade. Da na gaya wa limamin unguwarmu aikin da 'yata ta sa gaba, ya ce abin da ya fito daga jikin dakwara ai babu mai ja a kansa, su da suke shan sa cikin tawada tun kakanni. Ranar na taho gida kamar an naɗa mini rawani.

Ƙaron farko da na ba ta na wani Bafillace ne da muka daɗe muna hulɗa, wanda yake tsinta a wani dajin dakwara arewa da Mai'adua. Dunƙule-dunƙule ta tafi da shi. Bayan wata uku ta kira ta wayar maƙwabcinmu. Ta ce ƙwayoyin sun riƙe maganin a cikin ruwan tsami, kuma da ta mai da su cikin ruwa irin na hanji sun buɗe sun saki. Malaminta da ke duba aikin ya ce ta sake yi da yawa, har sau uku, kafin a yarda. Tana buƙatar ƙari, irin na farko daidai. A ƙarshen wayar ta ce, cikin raha, niƙa dunƙulen nan a ɗan turmin ɗakin gwaji ya ci mata kwana biyu, har hannunta ya yi kanta.

Na maimaita wa uwarta maganar duka, har da zancen hannun. 

Ana gobe direban da zai kai saƙon zai tashi, na dawo daga kasuwa da la'asar na tarar maiɗakina ta wanke turmi ta shanya, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne tana daka ƙaron. A lokacin ba ta iya doguwar tsayuwa. Ta daka, ta huta, ta tankaɗe a rariya, ta mai da tsakin cikin turmi. Sai da ya koma gari fari tas. Kafin ta kwashe na ga ta tashi ta shiga madafa, ta fito da ɗan gutsuren kanwa, ta jefa ta daka tare. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce ai danƙon ƙaro waccan take so, kuma duk abin da ke da yauƙi kanwa ce ke tashinsa, ko kuɓewa ko karkashi.

"Kai da ba ka taɓa kaɗa miya ba, Malam, ina za ka sani?"

Na yi dariya, don maganar ta shiga kaina. Sai ta roƙe ni abu ɗaya, kada in ce ita ta daka. In ce a inji aka niƙa. Haka na rubuta a 'yar takardar da na sa cikin ledar.

Daga nan aikin ya ƙi. Ƙwayoyin suka riƙa fitowa da laushi, wasu su wargaje tun a ruwan farko, ruwan da take ɗigawa a ciki ya yi fari kamar an zuba nono. Ta zargi ruwan, ta sake. Ta zargi maganin, ko zafi ya taɓa shi don ana yawan ɗauke musu wuta, ta nemo sabo. Ta zargi garin ciyawar teku. Kusan wata biyu tana wannan. A waya ba ta faɗa mini da yawa ba, muryarta dai na ji ta sauya. Daga baya na san malamin nata ya ce mata a gaban sauran ɗalibai, sakamakon da ba ya maimaituwa ba sakamako ba ne. Wasu suka fara raɗe-raɗin cewa na farkon ma da biro ta haɗa shi. Aka ba ta zuwa ƙarshen zango. In bai fito ba za a soke aikin, ta bar wurin da wannan suna a kanta.

Ta zo Babbar Sallah ta rame. Kashegarin layya ta same ni a zaure, ta durƙusa, ta ajiye ledar garin a gabana. Ta daɗe tana zagaye-zagaye kafin ta fito da tambayar. Ta ce ko akwai yiwuwar an haɗa ƙaron nan na biyu da wani iri, ko da bisa kuskure.

Maganar ta soke ni. Ni da nake zazzage buhunan mutane a kasuwa ina neman algus, yau 'yar cikina take tambayata. Na ce mata daga buhu ɗaya suka fito da na farko, kuma tun kafin a haife ta ban taɓa gauraya ƙaron dakwara da na itacen dushe ba. Ta ba ni haƙuri, ta ce ta san haka, ta rasa abin da za ta tuhuma ne kawai. Ta ɗauki ledarta ta shiga gida.

Sai ina hanyar masallaci da azahar abin ya faɗo mini. Na ga turmin, na ga gutsuren kanwar. Ban sani ba ko ita ce, amma na san ita kaɗai ce abin da ke cikin na biyu wanda babu a na farko. Na yi sallar nan hankalina ba ya wurin, Allah ya gafarta mini.

Na wuni ina aunawa. In na gaya wa yarinyar, na karya alkawarin da na yi wa uwarta, kuma matar da idonta ya fara dusashewa, ƙafarta tana kumburi, za ta san cewa da hannunta ta ɓata wa 'yarta wata biyu. Na yi tunanin in ce ni na sa kanwar. Amma yarinyar za ta tambayi nawa na sa da yadda na sa, kuma ta san ban san inda kanwa take zama a gidan ba. In kuma na yi shiru, za ta koma da garin nan ta ci gaba da neman laifi inda babu shi har zango ya ƙare.

Da safe na shiga ɗakin maiɗakina. Na ga ita ya kamata in fara gaya wa, tunda sirrin nata ne. Na faɗa mata yadda ake ciki, har da abin da ake cewa a kan yarinyar a makaranta, wanda muka ɓoye mata. Ta riƙa murza gefen zaninta. Can ta ce in kira mata waccan.

Muka zauna mu uku a inuwar tsakar gida. Uwar ba ta kalli yarinyar ba, randa take kallo.

"Ba inji ba ne. Ni na daka. Kuma na sa kanwa."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta tambaya a hankali, kamar nawa. Uwar ta nuna mata gaɓar babban yatsa. Sai yarinyar ta tashi ta shiga madafa, ta fito da kofi biyu na gilashi da kwanon zoɓon da aka jiƙa don baƙin Sallah, ba a riga an sa masa sukari ba. Ta ce in ba ta dunƙulen dakwara ko guda ɗaya ne. Akwai a aljihun rigata, ba na rabuwa da samfur. Ta farfasa shi ta jiƙa a ruwan ɗumi a kofi ɗaya, ta dama garin ledar a ɗayan. Muka jira dunƙulen ya narke. Sannan ta zuba zoɓo kaɗan a kowanne. Na dunƙulen ya tsaya ja yadda muka san shi. Na garin ya juya nan take ya yi duhu, kamar kore kamar shuɗi.

Ta zauna a ƙasa tana kallon kofunan. Na ji tsoron kada ta yi kuka, ko ta faɗi abin da za ta yi nadama.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe ban yi ƙarya ba."

A nan na gane cewa ita kanta ta fara shakkar idonta a kan aikin farko. Uwar ta ce wata biyu ta cinye mata. Yarinyar ta ce a'a, laifin nata ne. Ƙa'ida ita ce duk abin da ya shigo ɗakin gwaji a auna shi tukuna, kuma da ta auna garin ranar da ya iso da wuni ɗaya ya ishe ta. Ba ta auna ba don daga hannun Baba ya fito. Na sunkuyar da kai, don ni na rubuta takardar injin.

 Sai uwar ta ce, har yanzu randa take kallo, "To, ya yi yauƙin ko bai yi ba?"

"Inna, ya yi har ya wuce wuri."

Ranar ce kaɗai na taɓa ganin su biyun suna dariya a kan abu ɗaya ba su ɓoye wa juna ba.

Saura neman ƙaron. Ragowar buhun tuni ya tafi Kano, ita kuma tana son na itatuwan nan dai, don kada a ce ta sauya wani abu. Kashegari na hau mota zuwa Mai'adua, daga nan na hau babur. Na tarar Bafillacen ya tashi daga inda na san shi. Aka ce sun matsa da shanu wajen Kongolam. Na bi ruga-ruga ina tambaya har na same shi da yamma. Na ce masa ba na buhu nake so ba, ya kai ni gindin itatuwan. Ya yi mamaki, ya ce shekara nawa yana kawo mini ƙaro ban taɓa tambayar uwar da ta haife shi ba. Na kwana a wurinsu. Da safe muka shiga dajin. Ƙayar dakwara lanƙwasasshiya ce, in ta kama ba ta saki. Na dawo hannuwana duk zane, rigata ta yage a kafaɗa, da ƙaro cike da sabuwar jakar yadi. Da na shigo gida maiɗakina ta ce in wuce da shi can nesa, kada ma inuwarta ta faɗa kansa.

Yarinyar ta koma da shi dunƙule-dunƙule, ta niƙa da hannunta. Ta gaya wa malamin nata abin da ya faru ba ta rage komai ba. Ƙwayoyin suka fito da ƙarfi kamar na farko. Ta maimaita, suka fito. Na ukun malamin ya tsaya a kanta tun daga awo har ƙarshe, ya sa hannu a littafin da take rubuta aikin kullum. Masu raɗe-raɗi ban sake jin labarinsu ba.

Sai malamin ya zo da wata magana da ba mu zata ba. Ya ce kada ta zubar da aikin wata biyun nan. A ƙasar da ake shan kunun kanwa ana sa ta a miya da wake, dole mai yin irin wannan magani ya san abin da kanwa take yi wa rigarsa. Ya sa ta sake gwadawa da gangan, tana ƙara kanwar kaɗan-kaɗan tana rubuta inda ƙwayar ke fara lalacewa. Kuma ya ce ainihin kanwar da ta jawo abin yake so. Na shiga madafa da kaina, aka nuna mini inda take zama, na naɗe ragowar a takarda na aika.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Aikin bai zama maganin da ake sayarwa ba. A kwalabe aka gwada shi, sai 'yan ɓeraye daga baya. Yarinyar ta ce mini tsakanin wannan da bakin majinyaci akwai shekaru masu yawa da hannuwa masu yawa, mai yiwuwa ma ba ta hanyar ƙaro za a isa ba. Ni kuwa na riga na gaya wa rabin kasuwa cewa 'yata ta kusa raba mutane da allura. Ta sa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rage maganar. Ban ji daɗin yin haka ba, amma na yi. Maiɗakina ta ci gaba da allurarta safe da yamma har ƙarshe.

Farkon damina yarinyar ta zo da littafin, an ɗinke shi da baƙin bango. Ta ci jarrabawar baki, saura ta miƙa kwafi huɗu a ajiye. Wata biyar suka rage wa uwarta a duniya. Idon ya riga ya tafi sai inuwa-inuwa take gani. Ta karɓi littafin ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta shafa bangon, ta miƙo mini.

Yarinyar ta buɗe babin kanwa ta fara karantawa tana mayarwa da Hausa. Ta karanta inda aka ce an samo ƙaron daga itatuwan dakwara a ƙasar Daura. Ta karanta inda aka ce an samo kanwar daga wani gida a cikin gari, irin wadda ake girki da ita. Uwar ta ɗaga hannu ta tsai da ita. Ta tambaya wace kanwa aka rubuta. Yarinyar ta duba, ta ce kanwa kawai.

"To ba ki gama ba," uwar ta ce. "Jar kanwa daban, ungurnu daban. Tawa ungurnu ce. In wata ta zo ta gwada da ja ta ga bai yi daidai da naki ba, sai su sake cewa kin yi ƙarya."

Yarinyar ta dube ni, na dube ta. Ta ce wallahi gaskiyar Inna ce, kuma babu ko ɗaya cikin malamai ukun da suka yi mata jarrabawa da ya lura. Ta ciro biro daga jaka, ta ɗora littafin a gwiwa, ta rubuta kalmar a saman layin. Uwar ta ce ta karanta mata layin daga farko ta ji. Ta karanta. Uwar ta ce yanzu ya yi.

Kwafi huɗun da suka rage suna can makaranta wurin mai ɗinki. Da ta koma sai da ta sa aka warware su, aka sake buga shafin, aka sake ɗinkewa, sannan ta miƙa.